Neman doka a intanet: ina ake farawa, ina ake zamewa?

Tambaya: Ina zan samu dokokin tarayya ba tare da biyan kuɗi ba?

Cibiyar PLAC da ke Abuja ta ɗora kundin dokokin tarayya na 2004, wanda lauyoyi ke kira LFN, a shafinta. Shafin NigeriaLII ma kyauta ne, akwai dokoki da hukunce-hukuncen kotu. Amma a lura da shekarar nan, 2004, don a nan yawancin ɗalibai ke zamewa. Kundin ya tsufa. Dokar kamfanoni ta 1990 da ke cikinsa an soke ta da sabuwar dokar kamfanoni, CAMA ta 2020, Dokar Shaida kuma an sake ta a 2011. Duk dokar da ka buɗe, ka nemi sashen da ya faɗi waɗanda ta soke, galibi yana wajen ƙarshe, sannan ka bincika ko ita ma an yi mata gyara daga baya.

Tambaya: Dokar da na samu tana aiki a ko'ina?

A'a. Penal Code ce dokar laifuka a Abuja, Criminal Code kuwa ta Kudu ce. ACJA ta 2015, wato dokar tafiyar da shari'ar laifuka, tana aiki a kotunan Abuja da na tarayya, amma mai shari'a a kotun jiha a Jos, dokar Jihar Filato zai nema. Dokokin jihohi sun fi wuyar samu a intanet. Sau da yawa sai an taka zuwa Ma'aikatar Shari'a.

Tambaya: Hukuncin kotu fa?

Ka nema da sunayen masu ƙara ko lambar rahoto. NWLR, kundin rahoton hukunce-hukuncen kotu wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, ana ambatonsa da shekara, juzu'i, kashi, sannan shafi. In ka ga LPELR, rahoton kamfanin LawPavilion ne, kuma na kuɗi ne. A lambar rahoto, SC Kotun Ƙoli ke nan, CA Kotun Ɗaukaka Ƙara. Kada ka dogara da hukuncin CA sai ka tabbatar Kotun Ƙoli ba ta rushe shi ba.

Tambaya: Zan iya tambayar ChatGPT kawai?

Zai iya sauƙaƙa maka bayani, amma yakan ƙirƙiro shari'ar da ba a taɓa yi ba, har da lambarta. Duk shari'ar da ya ambata, ka buɗe ainihin hukuncin ka karanta da idonka kafin ta shiga takardarka.