Addinin Kirista a ƙwallon ƙafa irin na Amurka

Bayyana imanin Kirista a bainar jama'a ya daɗe da zama jiki a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wasan nan da ake rungumar ƙwallo a gudu, abokan hamayya na ƙoƙarin kayar da mai ɗauke da ita. Ana ganin abin a durƙuson ɗan wasa bayan ya ci maki, da taron addu'a a tsakiyar fili bayan an tashi, da godiya ga Yesu a gaban 'yan jarida. Akasarin waɗannan al'adu ba haka kawai suka ɓullo ba. Ƙungiyoyin bishara ne suka yi shekara da shekaru suna renonsu.

Asali

Tushen abin yana komawa ƙarni na 19, lokacin da wani ra'ayi ya taso a Ingila cewa ƙarfin jiki da tarbiyyar Kirista tafiyarsu ɗaya. Ƙungiyar samari Kiristoci ta YMCA na cikin waɗanda suka yaɗa shi a Amurka. Amos Alonzo Stagg shi ne misalin da aka fi kawowa. Ya yi karatu a jami'ar Yale da niyyar zama fasto, amma ya ga ba shi da baiwar wa'azi, sai ya ɗauki horar da matasa a matsayin hidimarsa ga Allah. Ya horar da ƙungiyar jami'ar Chicago daga 1892 zuwa 1932.

Ta ɓangaren Katolika kuwa, jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana ce ta riƙe tuta. Nasarorin da ta samu a shekarun 1920 ƙarƙashin kocinta Knute Rockne sun zo a daidai lokacin da ake nuna wa 'yan Katolika ƙyama a sassa da dama na ƙasar, don haka talakawan ɗarikar suka ɗauki ƙungiyar tamkar tasu, har waɗanda ba su taɓa taka harabar jami'ar ba. A 1964 aka kammala wani katafaren hoton Almasihu a bangon ɗakin karatun jami'ar, ya ɗaga hannuwa biyu sama. Da yake ana hango shi daga filin wasa, kuma haka alƙalin wasa ke ɗaga hannu idan an ci maki, magoya baya suka laƙaba masa suna Touchdown Jesus, wato Yesun cin maki.

Ƙungiyoyin bishara

A 1954 Don McClanen, wani kocin ƙwallon kwando a Oklahoma, ya kafa Fellowship of Christian Athletes, wato ƙungiyar zumuntar 'yan wasa Kiristoci. Hujjarsa ita ce, tunda ana amfani da fitattun 'yan wasa wajen tallar reza da sigari, babu dalilin da zai hana su yi shelar imaninsu. Athletes in Action ta biyo baya a 1966. Waɗannan ƙungiyoyi da makamantansu sun taimaka wajen kafa tsarin da ake gani yau, inda ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ke da fastocin da ke kula da 'yan wasa. Da yake mafi yawan wasanni ranar Lahadi ake yin su, akan yi gajeriyar sujada a otal daren Asabar ko da safe kafin a fita fili. Tom Landry, wanda ya horar da Dallas Cowboys daga 1960 zuwa 1988, yana cikin manyan da suka tsaya wa wannan tafiya.

A cikin fili

Ana yawan cewa Herb Lusk na Philadelphia Eagles ne ya fara durƙusawa ya yi addu'a bayan cin maki, a 1977. Daga baya ya zama fasto a birnin. Taron addu'ar da 'yan wasan ɓangarori biyu ke yi tare kuma akan danganta farkonsa da karawar New York Giants da San Francisco 49ers a Disambar 1990. Reggie White, ɗaya daga cikin masu tsaron baya mafi shahara a tarihin gasar, naɗaɗɗen mai wa'azi ne na ɗarikar Baptis.

Babu wanda ya ja hankali kamar Tim Tebow, wanda ya buga wa jami'ar Florida kafin ya shiga NFL. A wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a Janairun 2009, ya rubuta Yohanna 3:16, wato lambar wata aya ta Littafi Mai Tsarki, a kan baƙin tambarin da 'yan wasa ke mannawa a ƙarƙashin ido. A 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta hana rubutu a wannan wuri. Durƙusonsa a kan gwiwa ɗaya, goshi a kan dunƙulen hannu, ya zama abin kwaikwayo a 2011, wasu don girmamawa wasu don ba'a.

A Satumban 2014 an hukunta Husain Abdullah na Kansas City Chiefs, wanda Musulmi ne, bayan ya yi sujada da ya ci maki. Washegari NFL ta ce bai kamata a hukunta shi ba.

Saɓani da shari'a

Masu suka na cewa addu'ar da koci ke jagoranta na takura wa yaron da ke tsoron rasa gurbinsa in ya ƙi shiga. Masu goyon baya na cewa 'yancin addini ne.

Takaddamar ta fi zafi a makarantun gwamnati, domin tsarin mulki ya hana hukuma ɗaukaka wani addini. A 2000 Kotun Ƙoli ta haramta addu'ar da ɗalibi ke yi ta lasifika kafin wasa, a shari'ar gundumar Santa Fe ta Texas. A Yunin 2022 kuma, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ba Joseph Kennedy gaskiya, mataimakin koci a Bremerton ta jihar Washington da aka dakatar a 2015 saboda addu'a a tsakiyar fili bayan wasa. Alƙalan da suka saɓa sun ce addu'ar ba ta sirri ba ce, tunda ɗalibai na kewaye shi. Kennedy ya koma aiki a 2023, ya halarci wasa ɗaya a Satumba, sannan ya ajiye muƙamin.