Waiwaye: Ko jama'a za su iya ƙera na'urorin sauti da zanensu a fili?

Tambayar ta daɗe tana yawo tsakanin masu haɗa kiɗa da masu sarrafa lantarki. Tunda jama'a sun taru sun gina Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kowa na dubawa yana gyarawa, me zai hana a yi haka da akwatunan haɗa kiɗa, da amfilifaya, da na'urar da ke shigar da murya cikin kwamfuta? Masu cewa ba zai yiwu ba suna da hujja. Manhaja ana kwafarta kyauta, amma allon lantarki sai an sayi kaya, an buga, an gwada, in an yi kuskure a sake biya.

Duk da haka an yi. Tun shekarun 1970 kamfanin PAiA na Oklahoma a Amurka yake sayar da na'urorin kiɗa a warwatse tare da zanensu, mutum ya harhaɗa a gida. A 2005 Limor Fried ta fitar da x0xb0x, kwaikwayon na'urar kiɗa ta Roland TB-303 da aka daina ƙerawa tun 1984, ta kuma saki zanen ga kowa. A shekarar ce Arduino, ƙaramin allon lantarki mai buɗaɗɗen zane, ta bayyana a Italiya. Lasisin da ke halatta kwafar irin wannan zane ya biyo baya: na TAPR, ƙungiyar masu sha'awar rediyo, a 2007, na cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 2011.

A ganina babbar shaida ita ce Mutable Instruments, kamfanin da Émilie Gillet ta kafa a Faransa. Takan sayar da na'ura, sannan ta saki zanen allon da manhajar da ke ciki. Na'urarta Plaits ta 2018 ta yi karɓuwar da har kamfanin Arturia ya ɗauki manhajarta ya sa a na'urarsa ta kiɗa MicroFreak a 2019, kamfanin Behringer ma ya bi sahu. Wasu sun ga rashin adalci a yadda manya ke cin gumin mutum ɗaya, kuma ƙorafin yana da tushe, sai dai lasisin ya halatta. Da ta rufe kamfanin a 2022, ƙananan maƙera a ƙasashe daban-daban suka ci gaba da buga na'urorin, wanda tasa ta lalace kuma yana da zanen da zai kai wa mai gyara. Kamfanin da ke ɓoye zanensa in ya mutu, da kayansa yake tafiya.

Bela, ƙaramar kwamfutar sarrafa sauti mai buɗaɗɗen zane wadda ta fito daga Jami'ar Queen Mary ta Landan a 2016, ta nuna ana iya sarrafa sauti da jinkirin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Na'urar kiɗa ta Zynthian ta Sifaniya kuwa a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi aka ɗora ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan ƙwayoyin da ake likawa a kan allon. Waɗanda ke mayar da murya lambobi suna hannun kamfanoni ƙalilan, irin su AKM, Cirrus Logic da ESS, kuma cikinsu a rufe yake. Da gobara ta cinye masana'antar AKM a Nobeoka ta Japan a Oktoban 2020, ga kuma ƙarancin kayan da ya biyo bayan korona, ƙananan masu ƙira ne suka fi jigata, domin ba su da kuɗin tara kaya. MOD Devices ta Balin a Jamus, mai ƙera na'urorin sauti, ta durƙushe a 2022 kafin a farfaɗo da ita. Na'urar kiɗa ta Axoloti ta Beljiyam ta ɓace daga kasuwa, sai da aka sake gina ta da sunan Ksoloti.

Lasisi ma yana iya ɗaure aiki. Amfilifayar O2 ta 2011 an saki zanenta da sharaɗin kada a sauya shi, mai ita kuma ya yi ɓatan dabo a 2012, aka bar masu ƙera ta ba wanda za su nemi izininsa.