Rigimar zuba kifin maski a tafkunan Minesota: tambayoyi da amsoshi

A jihar Minesota da ke arewacin Amurka, akwai wani kifi da ya haɗa maƙwabta faɗa, har maganarsa ta kai gaban majalisar dokokin jihar. Masu jefa fatsa na son gwamnati ta ƙara zuba shi a tafkuna, masu gidaje a bakin tafkunan kuma da yawansu sun ce ba su yarda ba. Ga yadda lamarin yake.

Wane irin kifi ne maski?

Cikakken sunansa muskellunge, sunan da ya samo asali daga harshen Ojibwe, mutanen da ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa. Dogo ne, siriri, mai dogon baki cike da haƙora masu kaifi, kuma kifi yake ci. Yakan laɓe cikin ciyawar ruwa, sai abinci ya zo wucewa ya kai masa sura. Idan ana son misali daga ruwanmu, matsayinsa a tafki kamar na giwan ruwa ne, wato babu mai cin sa idan ya girma, ko da yake kamanninsu ba ɗaya ba ne. A watan Nuwamban 2021 an kama wani a tafkin Mille Lacs mai nauyin kilo 25 da 'yan kai, wanda ya ture tarihin da aka kafa tun 1957.

Kama shi kuwa sai mai haƙuri. Mutanen can suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma, domin mutum zai iya kwashe kwanaki yana jefa fatsa bai ga ko giftawarsa ba. Wahalar ce ma ta sa ake son sa.

Su wane ne ke neman a zuba shi, kuma me za su yi da shi?

A nan sai mai karatu ya ajiye tunanin masuntan Yawuri ko na tafkin Cadi, waɗanda kamun kifi ne abincinsu da sana'arsu. Masu neman maski nishaɗi suke yi. Sukan sayi jirgin ruwa mai inji da kayan fatsa masu tsada, su kamo kifin, su auna tsawonsa, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa da ransa. Dokar jihar ma ta ɗaure wa wannan al'ada gindi: tun 2015, a yawancin ruwan Minesota ba a yarda ka tafi da maski gida ba sai ya kai inci 54, wato wajen santimita 137, kuma ƙalilan ne ke kai wannan tsawon. Suna da ƙungiyoyi masu ƙarfi, irin su Muskies Inc. da aka kafa a jihar a 1966.

Hujjarsu ita ce, jihar da ake yi wa laƙabi da ƙasar tafkuna dubu goma, wajen ruwa ɗari ne kawai ake kula da maski a cikinsu. Masu son sa suna ƙaruwa, wuraren kuma suna cika da jirage. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda ake kira DNR, ta amince da hakan, har ta fitar da wani tsari a 2008 da ya tanadi ƙara sababbin wurare har takwas zuwa shekarar 2020. Daga nan ne ƙura ta tashi.

Me masu gidaje ke tsoro?

Abin da suka fi faɗa shi ne maski zai cinye musu wolai. Wolai shi ne kifin da jihar ta ɗauka a matsayin tambarinta, shi ake soyawa a ci, shi yara ke koyon fatsa a kansa tare da kakanninsu, kuma shi ke kawo baƙi masaukan da ke bakin ruwa. Mutumin da ya shekara arba'in yana kamun wolai a bayan gidansa, ya ga kamun ya ragu, ya kuma san cewa gwamnati na zuba wani kifi mai haƙora da ya fi mita tsawo, ba sai an gaya masa wanda zai zarga ba. Ni ban ga laifinsa ba a kan wannan tunanin, domin kowa aka sa a gurbinsa haka zai fara zato.

Akwai kuma tsoron cizo. A 2017 wani kifi da ake kyautata zaton maski ne ya ciji wata yarinya a ƙafa a wani tafki kusa da birnin Duluth, har sai da aka yi mata ɗinki. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma uwar da 'ya'yanta ke ninkaya a gaɓa kullum da rani ba za ta manta da labarin ba.

To, shin maski na cinye wolai da gaske?

Yana cin sa wani lokaci, amma ba shi ne babban abincinsa ba. A jihar Wiskonsin da ke maƙwabtaka, masu bincike sun duba cikin maski fiye da dubu ɗaya daga ruwa 34 a shekarun 1990, suka tarar abin da ya fi yawa shi ne wasu kifaye biyu da ake kira perch da sucker, wolai kuwa ɗan kaɗan ne. A Minesota kanta, wani nazari da aka buga a 2012 ya kwatanta yawan kifaye a tafkuna 41 kafin a fara zuba maski da bayan an fara, bai kuma sami wata raguwa da za a ce ta game tafkunan ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maski ba ya yawa a ruwa. Ana zuba 'ya'yansa da kaka, masu tsawon kimanin ƙafa guda, da yawansu ba sa rayuwa, kuma a ƙarshe babba ɗaya ne ake samu a faɗin eka da dama. Ɗan'uwansa da ake kira faik ya ninka shi yawa nesa ba kusa ba, shi ma kifi yake ci, shi kansa wolai ɗin kifi yake ci, har da nasa 'ya'yan. Sannan manyan tafkunan wolai da aka fi sani, irin su Leech da Winnibigoshish, tun fil'azal maski da wolai suke zaune tare a cikinsu.

Saboda haka, a kan wannan gaɓa, ina ganin gaskiya ta fi karkata ga masu fatsa. Sai dai matsakaicin sakamako na tafkuna 41 bai zama alkawari ga tafki na 42 ba, kuma da zarar kifin ya kafu, fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Mu 'yan Afirka mun san abin da ya biyo bayan sakin giwan ruwa a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, inda jinsunan ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa suka ɓace. Bambancin shi ne giwan ruwa ya hayayyafa a can ba iyaka cikin kifayen da ba su san shi ba, maski kuwa ɗan gida ne a yankin, kuma a tafkuna da yawa sai an ci gaba da zuba shi yake ɗorewa.

Idan bincike ya nuna haka, me ya hana rigimar mutuwa?

Domin ƙarƙashin maganar kifi akwai maganar mallaka. A dokar Minesota, ruwan tafki na jama'a ne. Mai gida yana da filinsa har zuwa gaɓa, yana biyan haraji mai tsoka saboda gidansa na kallon ruwa, yana zuba kuɗi a ƙungiyar masu gidaje don a kula da tafkin, amma duk wanda ya zo ta mashigar gwamnati ya saukar da jirginsa, haƙƙinsa a kan ruwan daidai yake da nasa. Mai gida na ganin shi ne ke ɗauke da nauyin wurin shekara da shekaru, baƙo kuwa ya zo ya more ya tafi. Baƙon kuma na ganin masu kuɗi ne ke son mayar da dukiyar kowa tasu su kaɗai.

Kuma akwai wata damuwa ta masu gidajen da na ɗauke ta da muhimmanci fiye da ta wolai. Masu neman maski mutane ne masu yawo daga tafki zuwa tafki. Jirgin da ya fito daga wannan ruwa ya shiga wancan zai iya ɗauko baƙin halittu a jikinsa, musamman wata 'yar halitta mai ɓawo da zane irin na jakin dawa, wadda ke manne wa duwatsu da bututu, ta yanka ƙafar mai wanka, ta tace ruwan har ta rage abincin da 'ya'yan kifi ke dogaro da shi. Idan ta shiga tafki, da wuya ta fita. Gaskiya ne jirgin mai neman wolai ma zai iya kawo ta, amma wanda ke zaune a wurin shi ne zai rayu da sakamakon, don haka duk abin da zai ƙara yawan jirage ba ya yi masa daɗi.

Ɓangarori biyu ne kawai?

A'a. Akwai masu sukar kifi da mashi a lokacin hunturu. Idan tafki ya daskare, sukan huda ƙanƙara, su kafa ɗan ɗaki mai duhu a kan ramin, su jira faik. An hana su sukar maski, kuma a baya an taɓa hana sukar gaba ɗaya a wasu tafkunan don kare shi. Wannan ya sa da yawansu suke kallon kowane sabon zubi a matsayin barazana ga al'adarsu, suka kuma bi bayan masu gidaje.

Ina aka kwana?

A 2016 DNR ta gabatar da jerin wuraren da take son zuba kifin. Bayan tarurrukan jin ra'ayin jama'a masu zafi, ta ci gaba da shirin a tafkin Gull kusa da garin Brainerd da kuma jerin tafkunan Fairmont a kudancin jihar, ta janye daga tafkin Big Marine da kuma tafkunan Franklin, Lizzie da Loon na gundumar Otter Tail, inda adawa ta fi tsanani.

A 2018 Sanata Bill Ingebrigtsen ya kai ƙudiri majalisar jihar da ke neman a taka wa zubin birki, a kuma ba gundumomi ta cewa a kan lamarin. Masu fatsa suka yi ca, suna cewa idan aka bar 'yan siyasa suna zaɓar kifin da zai zauna a ruwa maimakon masana, gobe wani kifin za a taɓa. Ƙudirin bai zama doka ba. Ikon yanke hukunci ya ci gaba da zama a hannun DNR, ana ci gaba da zuba maski a tafkunan da aka saba, masu gidaje a Otter Tail kuma ba su sauya ra'ayinsu ba.