Dokar Amurka kan bidiyon take dabbobi: me ta hana, me ta ƙyale?

Akwai sha'awar da ko a mafarki mutum ba zai zaci ana samun kuɗi da ita ba. A wani lungu na intanet, wasu na biya a ɗaukar musu bidiyon mace sanye da takalmi mai tsini tana take ɓera, ko ɗan kyanwa, ko ɗan tsako, har ya mutu. Masu saye kaɗan ne, amma da yake abin ba ya samuwa a fili, suna sakin kuɗi, wani ma odar yake bayarwa: ga dabbar da nake so, ga irin takalmin. Ke nan mai kuɗin ne ke yanke wa dabbar hukunci tun kafin a kunna kyamara.

Zaluntar dabba laifi ne a kowace jiha ta Amurka tun da daɗewa. Matsalar ita ce kama mai laifin. A bidiyon ƙafa kawai ake gani, babu fuska, babu alamar gari ko ranar da aka ɗauka. Shi ya sa a 1999 majalisar dokokin ƙasar ta ce tunda ba a ganin mai takawa, a bi mai sayarwa. Shugaba Bill Clinton ya sa hannu, hukuncin ya kai ɗaurin shekara 5.

Sai dai masu rubuta dokar sun jefa taru mai faɗin gaske. Wanda ya fara faɗawa ciki, Robert Stevens na jihar Bajiniya, faifan faɗan karnuka yake sayarwa, ba na takawa ba. Aka yanke masa wata 37, ya ɗaukaka ƙara. A Afrilun 2010 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, alƙalai 8 suka goyi baya, Samuel Alito kaɗai ya ƙi. Dalilinsu 'yancin faɗin albarkacin baki. Alƙalin alƙalai John Roberts ya kawo misali: farauta haramun ce a birnin Washinton, to a yadda aka rubuta dokar, mai sayar da bidiyon farautar barewa a can ma ya zama mai laifi. A ganina kotun ta yi daidai, ko da yake an ba azzalumai sarari na 'yan watanni.

Kafin shekarar ta ƙare aka yi sabuwa, Barack Obama ya sa mata hannu a Disamba. Wannan karon an tsuke ta. Sai bidiyo ya cika sharaɗi biyu. Na farko, ya nuna ana take dabba mai rai da gangan, ko ƙona ta, ko nutsar da ita a ruwa, ko shaƙe ta, ko tsire ta, ko yi mata mummunan rauni. Na biyu, ya zama na batsa a ma'anar da kotunan ƙasar suka sani. Wanda ya ɗauka, ya sayar, ya yi talla, ya rarraba, yana iya shan ɗaurin shekara 7. Har musaya an ambata, don a irin waɗannan ƙungiyoyi ba kullum kuɗi ke tafiya ba, ba ni in ba ka ake yi. A Nuwamban 2019 Donald Trump ya sa hannu a ƙarin da ake kira PACT, wanda ya mai da aikin kansa laifin tarayya, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba.

Bahaushen da ke Amurka yana iya tambaya: ragon layya fa, idan na ɗauki yankan na tura gida? Babu abin da ya shafe shi. Dokar ta cire yanka don ci, farauta, kamun kifi, aikin likitan dabbobi, binciken kimiyya, kare kai da kashe ɓarayin hatsi irin su ɓera. Wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba zai sha wahalar gane bambancin ba.

Kasuwar kuwa ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. A 2023 binciken BBC ya bankaɗo masu haɗa kuɗi a Amurka da Birtaniya ta Telegram, suna turawa Indonesiya a azabtar da jariran birai a ɗauko musu. Mai kuɗi na can cikin ɗaki da wayarsa, talaka na aikata ɗanyen aikin. An ɗaure wasu a ƙasashen uku, kuma a Amurka yawanci da laifin haɗa baki aka kama masu biyan, domin dokar ba ta hukunta kallo ko ajiya kaɗai.

Akwai kuma wani giɓi. Dabbobin da aka lissafa su ne masu shayarwa, tsuntsaye, masu jan ciki da dangin kwaɗo. Kifi, ƙaguwa da ƙwari ba sa ciki, don haka mai sayar da bidiyon take kyankyaso ko fara bai karya wannan doka ba.