Kunne ba ya sabawa da ƙara

Masu injin niƙa da masu walda sukan ce kunnensu ya saba, ƙarar ta daina damunsu. Sau da yawa wannan "sabon" farkon kurumta ne.

A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu siraran gashi, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Masu ɗaukar siririn sauti su ke fara lalacewa, shi ya sa mutum zai ji ana magana amma kalmomin su cakuɗe masa, musamman a kasuwa.

Da desibel ake auna ƙara. A desibel 85, iyakar zaman mutum a cikinta ba tare da illa ba awa 8 ne a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 100 kuwa minti 15 kacal. In sai ka ɗaga murya kafin na gabanka ya ji ka, wurin ya kusa 85 ko ya wuce.

Audugar da ake cusawa a kunne ba ta tare ƙara sosai. Matoshin kunne na soso ake murzawa ya sirance, a tura, a riƙe har ya kumbura. Janareta kuma a nisanta shi da ɗakin kwana, don ko mai barci bai farka ba, ƙara tana ɗaga bugun zuciyarsa.