Ku daina barin mangwaron da ya zube a gindin bishiya

Tun da ruwa ya fara sauka, daga Kwali zuwa Kuje har Gwagwalada, kukan masu lambu ɗaya ne: "Malam, mangwaro ga kyau a ido, amma kana tsagawa sai tsutsa. Wane magani za mu fesa?" In na ce mu je in gani, ba na ma ɗaga kai sama. Amsar tana ƙasa. Ruɓaɓɓen mangwaro ne a zube gindin kowace bishiya, ko wurin sa ƙafa babu.

Jama'a, wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. An faɗa bara, an faɗa bana, har yanzu jiya i yau.

Mai wannan ɓarna wani ɗan ƙuda ne mai ratsin rawaya, ba ƙudan gida ba. Daga Asiya ya fito, an fara ganin sa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso mana. Macen ce ke huda ɓawon mangwaro ta zuba ƙwai. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, mangwaron ya faɗo, ta fita ta shige ƙasa. Bayan kamar mako biyu ta fito da fiffike ta koma kan bishiyar. To wanda ya bar mangwaro a ƙasa kiwon ƙuda yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san uzurin, duk na ji su. Wai yara za su tsince. Yara mai kyau suke ɗauka, su bar maka mai tsutsa. Wai zai zama taki. Haba Alhaji, wane irin taki ne wannan da zai cinye maka rabin amfanin gona? Wasu kuma rabin maganar suka ji, sai su share su tara a gefen lambu. Tsutsa ba ruwanta da gefe ko tsakiya, ƙasa take nema, kuma ka ba ta.

Sai a ruga a sayo magani a yi ta feshi. Tsutsar tana cikin mangwaro, sauran suna cikin ƙasa, me feshin zai taɓa? Kuɗinka ya tafi, ka kuma kashe jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida, waɗanda bincike a Jamhuriyar Benin ya nuna suna rage ɓarnar ƙudan. E, suna cizo lokacin tsinka, na sani, amma aiki suke yi maka ba ko sisi. Mafi muni, akwai mai fesawa yau, jibi ya loda mota zuwa kasuwar Zuba. 'Ya'yan mutane ne za su sha, ku ji tsoron Allah.

Ba ni na ƙirƙiro maganar ba. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta daɗe tana aiki kan wannan ƙuda, kuma shawararta ita ce a haɗa dabaru: tarko, abincin ruɗi mai ɗan guba da ake ɗiga wa a wani sashe na bishiya, da tsaftar lambu. Tarkon ƙamshin nan da wasunku ke ratayawa yana da amfani, amma maza kawai yake kamawa. Ka rataya goma, in ƙasa tana cike da ruɓaɓɓe, ƙudan da ke fitowa sun fi waɗanda ke shiga.

Na san damina ce, ga shuka ga noma, hannu bai isa ba. Ban ce ku bar gona ba. Aikin ba ya cin rabin safiya in an saba:

- A tsince duk wanda ya faɗo, aƙalla sau biyu ko uku a mako, har da ƙananan.
- A zuba a baƙar leda mai kauri wadda ba ta huje ba, a ɗaure tam, a bar ta a rana kwanaki.
- In rami za a yi, ya kai zurfin rabin mita, a danne ƙasar. Turbuɗewa sama-sama ɓata lokaci ne.
- Mai dabbobi ya ba su a ranar, kada ya kwana.
- A tsinka da zarar ya ƙosa, kada a jira ya nuna luguf a sama.

Kuma ku yi wa maƙwabta magana, don ƙuda bai san iyakar gona ba. Baba mai bishiya biyu a tsakar gida, da kai ma nake. In mangwaro ya ƙare, gwaba da lemo yake komawa, saboda haka su ma a riƙa tsince nasu.