Waiwaye: Audugar Garwa da Mundu, farashin New York

In ana son ganin yadda ra'ayoyin masana tattalin arziki suka yi ta sauyawa a kan ƙasashe matalauta, gonar auduga ta ishi mutum, don kusan kowane ra'ayi an gwada shi a kanta. A ƙarshen shekarun 1920 Faransawa suka tilasta nomanta a kudancin Cadi: a auna wa magidanci fili da igiya, ya noma, ya sayar wa kamfanin Cotonfran a farashin da aka yanka, ya biya haraji da abin da ya samu. A arewacin Kamaru sai farkon shekarun 1950 kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya kafa sansani a Kaele.

Lokacin samun 'yancin kai, a 1960, maganar Walt Rostow na Amurka ce ke tashe. A ganinsa kowace ƙasa matakai biyar take hawa, kuma talaucin Afirka jinkiri ne kawai, hanyar da Ingila ta bi ita kowa zai bi. Amma shekara goma kafin nan Raúl Prebisch na Ajantina da Hans Singer sun riga sun lura cewa ɗanyen kaya darajarsu raguwa take yi a kan kayan masana'anta. Wato bana ka ba da dila goma ka karɓi injin, nan gaba sai ka ƙara. Samir Amin, Bamisiren da ya daɗe a Dakar, ya ƙara gaba, ya ce arzikin ƙasashe masu masana'antu da talaucin nan abu ɗaya ne ya haife su: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnatoci sun saurara, suka shiga harkar da kansu. Aka kafa kamfanin Cotontchad a Cadi a 1971, Sodecoton kuma a Kamaru a 1974, hedkwatarta a Garwa, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar neman sabon tsarin tattalin arzikin duniya. Manomi ya samu iri da taki a bashi, da farashin da ake sanarwa. A lokacin masaƙar Cicam ta Garwa na kaɗi da saƙa. Sai dai abin da take ci kaɗan ne, mafi yawan audugar ɗanya take fita.

Da farashin kaya ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, bashi ya yi katutu, sai aka juya waƙa: gwamnati ce matsalar, a bar kasuwa ta yi halinta. Kamaru ta sa hannu a yarjejeniyar karɓar bashi da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1988. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kuɗin auduga ya ɗan tashi, gaskiya ne, amma taki da magani da duk abin da ke shigowa ta Duwala su ma suka tashi. Dattawan 'yan kasuwa a Marwa da Kuseri ba su manta da wannan shekarar ba.

Inda abin ya fi ciwo, masu wa'azin kasuwa ba su yi aiki da shi a gidansu ba. A farkon shekarun 2000 Amurka na ba manoman audugarta, kusan 25,000, tallafin da ya haura dala biliyan 3 a shekara, abin da ke danne farashin duniya. Shi ya sa Cadi da Benin da Burkina Faso da Mali suka kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Cancún a 2003, aka kuma tashi baram-baram. Brazil ce mai ƙarfin kai ƙarar Amurka gaban ƙungiyar, ta yi nasara, ƙarshe Amurka ta biya ta kuɗi aka rufe maganar a 2014. Manomin Mundu da ke kudancin Cadi bai ga ko dala ba.

An kuma gwada wani ra'ayin, wai sirrin yana ga kyakkyawan shugabanci. Bankin Duniya ya mara wa bututun mai daga Doba a Cadi zuwa Kribi a Kamaru baya, mai tsawon kilomita 1,070, da sharaɗin Cadi ta ajiye kashi 10 na kuɗin man a wani asusu saboda 'yan baya. Mai ya fara gudana a 2003, gwamnatin Shugaba Idriss Déby na Cadi ta soke asusun a ƙarshen 2005 tana cewa tsaro ya fi gaggawa, bankin ya janye a 2008.

A 2018 kamfanin Olam na Singafo ya sayi kashi 60 na Cotontchad, Sodecoton kuwa har yau gwamnati ce ke da kaso mafi girma. Hanya biyu ke nan mabambanta, amma dukansu kasuwar New York suke kallo kafin su faɗa wa manomi kuɗin kilo, audugar kuma ta hau jirgin ruwa zuwa masaƙun Asiya.